Yadda Ake Sarrafa Akalar Jirgi a Ruwa da a Sama

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogi a Yawuri ya kalli yadda basarke yake tafiyar da kwalekwalensa, zai lura cewa mai juya jirgin a can baya yake zama, kuma idan yana son jirgin ya karkata, abin da yake yi kawai shi ne ya tsoma filafilinsa cikin ruwa, ya ɗan murɗa shi, ya riƙe. Wannan filafilin da aka tsoma ta baya aka riƙe shi ne kakan abin da za mu yi bayani a kansa. A manyan jiragen ruwa da jiragen sama ya rikiɗe ya zama faffaɗan allo na ƙarfe ko na katako, wanda ake ratayawa a tsaye a ƙarshen jirgi kamar ƙyauren ƙofa, yana buɗewa dama ko hagu. Sunansa na Turanci, wato rudder, idan bakin Bahaushe ya furta shi, yakan fito daidai da sunan na'urar rada mai hango jirage daga nesa, saboda haka, gudun rikitarwa, za mu kira shi allon akala, tunda aikinsa shi ne juya akalar jirgi.

Sai dai wannan suna yana da tarko, kuma wanda bai gane tarkon ba tun farko zai daɗe yana kuskure. Akalar raƙumi kansa take ja, sauran jiki ya biyo baya, amma allon jirgi ba ya taɓa goshin jirgin ko kaɗan, bayansa yake turawa gefe. Idan allon yana miƙe, ruwa yakan wuce ta ɓangarorinsa biyu daidai wa daida, babu wanda ya rinjayi wani. Idan aka karkata shi dama, ruwan da ke wucewa yakan danne fuskarsa ta dama fiye da ta hagu, wannan bambancin matsi ya tura bayan jirgin hagu, sannan goshin ya fuskanci dama. Mai son ya ji abin da hannunsa, ya tsoma murfin kwano a tsaye cikin ruwa mai gudu, ya ɗan karkata shi, zai ji yadda ruwan yake neman ƙwace shi gefe guda.

Daga nan ƙa'idoji biyu suke fitowa, waɗanda duk sauran bayanin ya rataya a kansu. Ta farko ita ce allo ba ya aiki sai ruwa ko iska na gudana a jikinsa, don haka jirgin da ya tsaya cik ba ya jin akala ko da an murɗa ta har ƙarshe, kuma ƙarfin allon ba ya ƙaruwa kafaɗa da kafaɗa da gudu, ya fi haka saurin hauhawa, domin idan gudu ya ninka sau 2, ƙarfin yakan ninka sau 4. Ta biyu ita ce karkatawa tana da iyaka. A yawancin jiragen ruwa iyakar ita ce digiri 35 ta kowane gefe, saboda idan aka wuce nan ruwan yakan daina bin jikin allon sumul, ya hargitse a bayansa, sai allon ya koma birki maimakon abin juyi.

Mutanen da suka gabata sun daɗe kafin su kai ga wannan tsari. Misirawan dā da manyan filafilai suke juya jiragensu a kogin Nilu. Shaida mafi daɗewa ta allon da aka kafa a tsakiyar bayan jirgi ita ce wani ƙaramin jirgi na yumɓu da aka tono a wani kabari a Guangzhou ta ƙasar Sin, na ƙarni na 1 miladiyya, zamanin daular Han, alhali a Turai sai wajen shekarar 1180 aka fara ganin surarsa a sassaƙe-sassaƙen majami'u.

A ƙaramin jirgin ruwa

Ƙaramin jirgi yawanci da sanda ake juya allonsa, sandar kuma haɗe take da kan allon kai tsaye, tana miƙowa cikin jirgin. Mai koyo ya zauna a gefenta, ba a gabanta ba, domin kada jikinsa ya tare mata hanya, ya fuskanci gaba, ya riƙe ta da hannu ɗaya ba tare da damƙa mai tsanani ba. Abu na farko da zai saba da shi shi ne cewa sandar tana tafiya akasin inda ake son zuwa: mai son zuwa dama sai ya tura ta hagu, mai son zuwa hagu ya jawo ta dama. Jirgin da ke da sitiyari ba shi da wannan ruɗani, ana murɗa shi ne kamar na mota. Abin da ya fi amfani shi ne mutum ya maimaita wannan a buɗaɗɗen ruwa, inda babu gaɓa kusa kuma babu wani jirgi, har hannunsa ya riƙa yi ba tare da ya tsaya tunani ba, domin a lokacin firgici abin da hannu ya saba shi yake yi.

Sannan ya zaɓi wata alama mai nisa, kamar bishiya ko hasumiyar masallaci a wancan ƙetare, ya sa mata ido, kada ya riƙa kallon goshin jirgin. Jirgi ba ya amsa akala nan take yadda keke yake yi, yakan ɗan yi jinkiri kafin ya fara juyawa, kuma idan ya fara ba ya tsayawa da zarar an maido da sandar tsakiya. Kuskuren da kusan kowane sabon matuƙi yake yi ke nan: ya tura sanda, ya ga babu abin da ya faru, ya ƙara turawa, jirgin ya zarce inda ake so, ya maido da ƙarfi, ya sake zarcewa ta ɗaya gefen, har sawunsa a kan ruwa ya zama kamar na maciji. Maganin abin shi ne a tura kaɗan, a jira, a maido da sandar tsakiya tun goshin bai kai kan alamar ba, idan kuma juyin yana neman wuce gona da iri, a ɗan tura ta ɗaya ɓangaren na ɗan lokaci domin a tare shi.

Tunda baya ake turawa, wajibi ne matuƙi ya riƙa tuna inda bayansa zai faɗa. Jirgin da ke tafiya gaba yana juyawa ne a kan wani wuri da ke kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa daga goshi, wanda hakan ke nufin cewa bayan yana share fili fiye da goshin. Wanda jirginsa ke manne da gaɓa ko da wani jirgi ta hagu, idan ya murɗa akala dama da ƙarfi domin ya fita, bayansa ne zai daki abin da yake gudu. Abin da ya kamata shi ne a fara ture jirgin da gora ko da hannu har a sami tazara, sannan a fita da ƙaramar karkata.

Yawancin jiragen haya na kogunanmu a yau ba su da allo na daban, injin da ake maƙalawa a baya shi ne yake juyawa gaba ɗayansa, farfelarsa ta tura ruwa ta inda aka karkata ta. Wannan tsari yana da saurin amsawa, amma yana da wani haɗari da nake ganin ba a faɗakar da masu koyo a kansa yadda ya kamata. Da zarar an saki totur, akala ta kusa tafiya gaba ɗaya, domin ƙafar injin siririya ce, ba ta isa ta yi aikin allo sosai ba. A wuri irin Tafkin Kainji, inda har yanzu akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye bayan kammala madatsar a 1968, matuƙin da ya hango kututture a gabansa zuciyarsa za ta ce masa ya saki totur ya murɗa, kuma idan ya bi ta, jirgin zai ci gaba da sulalawa kai tsaye zuwa ga abin da yake tsoro. Daidai shi ne a rage gudu tun da nisa, a bar injin da ɗan ƙarfi, a juya da shi. Haka kuma kada a yi juyi mai kaifi da jirgin da aka cika da mutane da buhuna, musamman idan an tula kaya sama, domin juyi yakan kishingiɗar da jirgi, kuma wanda bakinsa ya riga ya kusa ruwa ba shi da sauran rarar da zai kishingiɗa.

Gudun da allo ya sani shi ne gudun jirgi a cikin ruwa, ba gudunsa idan an auna da gaɓa ba. Jirgin da ke gangarawa tare da ruwa yana iya wuce bishiyoyi da sauri alhali ruwan da ke jikin allonsa kusan a tsaye yake, shi ya sa gogaggun matuƙa idan za su tsaya a mashigi sukan wuce shi kaɗan, su juyo, su tunkare shi suna fuskantar ruwan, ta yadda za su iso a hankali kuma akala tana hannunsu har ƙarshe. Tafiya da baya kuwa sai an yi haƙuri, domin ruwan farfela ba ya bi ta kan allo a lokacin, kuma sandar takan nemi fizgewa zuwa ƙarshe, don haka a riƙe ta gam, a tafi a hankali.

Kafin a tashi a murɗa akalar daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a ji ko akwai inda take cijewa ko take lilo, a duba maratayanta da notinansu saboda tsatsa, a cire kainuwa da guntayen taru da suka naɗe. Idan allon ya karye a tsakiyar ruwa, a koma ga dabarar kakanni, a ɗaure dogon filafili a baya a juya da shi, ko a ɗaura bokiti da igiya a ja shi ta gefen da ake son jirgin ya karkata.

A babban jirgin ruwa

Allon babban jirgi ya fi ƙarfin hannun mutum nesa ba kusa ba, na Titanic ma nauyinsa ya kai kimanin tan 100, saboda haka a yau famfuna masu aiki da matsin mai ne suke tura shi, irin tsarin da ke ɗaga hannun katafila. A nan aikin ya rabu biyu, jami'i yana ba da umarni da adadin digiri, mai riƙe da sitiyari ya maimaita umarnin da babbar murya, ya aiwatar, sannan ya sake faɗa idan allon ya kai inda aka ce. Wannan maimaitawa ba al'ada ce kawai ba, kariya ce daga ruɗani. A zamanin Titanic, a 1912, jiragen Ingila suna ba da umarni ne bisa inda sanda za ta nufa, wato idan an ce dama ana nufin jirgin ya juya hagu, kuma sai a 1933 aka daina wannan salo.

Yarjejeniyar kare rayuka a teku ta SOLAS ta tanadi cewa dole injin akala ya iya kai allo daga digiri 35 na wannan gefe zuwa digiri 30 na wancan cikin daƙiƙa 28 ko ƙasa da haka, jirgin yana cike da kaya kuma yana cikakken gudunsa, sannan a gwada shi cikin awa 12 kafin barin tasha, kuma duk wata 3 a yi atisayen juya jirgin daga ɗakin injin akala da ke can baya. An ƙara tsaurara dokokin bayan abin da ya sami jirgin dakon mai Amoco Cadiz ranar 16 ga Maris 1978, lokacin da injin akalarsa ya lalace cikin guguwa a gaɓar Faransa, ya faɗa kan duwatsu ya tsage, kimanin tan 220,000 na ɗanyen mai ya malale. Haka ma jirgin yaƙin Jamus Bismarck, duk da girmansa da manyan bindigoginsa, nakiyar ruwa guda da jiragen saman Ingila suka saka masa ranar 26 ga Mayu 1941 ita ce ta maƙale allunan akalarsa, ya kasa miƙe hanyar tsira, washegari aka nutsar da shi.

A jirgin sama

Mutane da yawa suna zaton allon da ke wutsiyar jirgin sama shi ne yake juya jirgin kamar yadda na ruwa yake yi, amma ba haka abin yake ba. Jirgin sama yana juyawa ne ta hanyar kishingiɗa, wato a sauke fiffike ɗaya a ɗaga ɗaya, kuma ƙananan allunan da ke ƙarshen fukafukai ne suke yin wannan aiki, matuƙi yana sarrafa su da hannu. Allon akala yana rataye ne a bayan tsayayyen bangon wutsiya, inda kamfanoni suke zana tambarinsu, kuma da ƙafa ake sarrafa shi: a taka fedar dama hanci ya juya dama, a taka ta hagu ya juya hagu. Aikinsa shi ne ya sa hancin jirgin ya fuskanci inda jirgin yake tafiya a cikin iska.

'Yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, da wahala suka gano bukatarsa. A 1902, suna gwajin jirginsu marar inji kusa da Kitty Hawk a Amurka, sun lura cewa idan suka kishingiɗar da shi gefe guda, wani lokaci hancin yakan fizge zuwa ɗaya gefen, domin fiffiken da aka ɗaga ya fi ɗan'uwansa jan iska. Sai suka cire kafaffiyar wutsiyar suka sa mai motsi, matsalar ta kau, kuma da wannan tsari suka tashi da jirgi mai inji ranar 17 ga Disamba 1903. Har yau darasin bai canza ba, ko a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ko a ko'ina: mai son juyawa dama ya kishingiɗa dama da hannu, a daidai lokacin ya ɗan taka fedar dama, idan kishingiɗar ta kai yadda yake so ya sassauta duka biyun. A gabansa akwai wani ɗan ƙwallo cikin lanƙwasasshen bututun gilashi, wanda idan komai ya daidaita yakan zauna a tsakiya, idan kuma ya zame gefe guda, sai a taka fedar wannan gefen har ya dawo. Ba sai an faɗa ba cewa karatu irin wannan share fage ne kawai, ƙafa ba ta koyon feda sai da malami a kujerar gefe.

A ƙasa, fedodin nan a yawancin ƙananan jirage su ne suke juya tayar gaba, samansu kuma birki ne. Wajen tashi, ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya yakan nemi karkata hagu idan an ba shi cikakkiyar wuta, saboda yadda farfelar yawancinsu take juyawa da yadda iskarta take dukan wutsiya, don haka matuƙi yakan danna fedar dama gwargwadon abin da zai riƙe shi a kan layin tsakiyar titi. Wajen sauka cikin iskar da ke kadowa ta gefe kuwa, a nan ake gane ƙwararre. Idan iskar daga dama take, jirgin yakan tunkaro titi hancinsa na ɗan kallon dama, yana tafiya a karkace kamar ƙaguwa, sai dab da tayoyi za su taɓa ƙasa matuƙi ya taka fedar hagu ya miƙe hancin da titi, ya kuma ɗan sauke fiffiken dama domin kada iskar ta ɗebe shi gefe.

Wuri biyu ne allon akala yake zama abin ceton rai. Idan injin hagu na jirgi mai inji biyu ya mutu, na dama zai riƙa murɗa jirgin hagu, sai matuƙi ya danna fedar dama ya riƙe, ya ɗan kishingiɗa wajen injin mai rai da abin da bai wuce digiri 5 ba, kuma ƙafar da ta zauna babu aiki ita ce take nuna masa gefen da injin ya mutu. A irin wannan hali dole ya kiyaye gudunsa, domin akwai gudun da idan aka yi ƙasa da shi allon ba zai iya rinjayar injin ba, ƙa'idarmu ta farko ke nan ta dawo. Na biyu shi ne idan ƙaramin jirgi ya rasa ɗaukar iska ya fara wulwulawa yana faɗowa: tsarin da aka fi koyarwa shi ne a rage wuta gaba ɗaya, a daidaita allunan fukafukai, a taka fedar da ke akasin wulwulawar har ƙarshe, a tura sandar tuƙin da ke hannu gaba, da zarar juyin ya tsaya a saki fedar, amma littafin kowane jirgi shi ne mai magana ta ƙarshe.

A babban jirgi mai gudu, abin da ake koya wa matuƙi shi ne ya rage taɓa feda. Akwai na'urar da take motsa allon da kanta tana kashe lilon wutsiya, akwai kuma wadda take rage iyakar karkatarsa yayin da gudu yake ƙaruwa, tunda ƙarfin iska a kansa yana hauhawa. Ranar 12 ga Nuwamba 2001 wani jirgin Airbus A300 na kamfanin American Airlines ya tashi daga New York, ya shiga hargitsin iskar da wani Boeing 747 ya bari a gabansa, mataimakin matuƙi ya riƙa taka feda dama da hagu a jere cikin 'yan daƙiƙoƙi, har bangon wutsiyar ya ɓalle gaba ɗaya, mutum 265 suka rasu, 5 daga cikinsu a ƙasa. Masu bincike sun ɗora wani ɓangare na laifin a kan saurin amsawar fedodin wannan samfuri da kuma irin horon da aka ba matuƙin, kuma tun daga nan ake gargaɗi cewa kada a kai allo ƙarshen wannan gefe a fizgo shi zuwa wancan, ko da gudun bai yi yawa ba. Wani lokaci kuma laifin na ƙarfen ne, kamar a haɗurran Boeing 737 biyu, na Colorado Springs a 1991 da na kusa da Pittsburgh a 1994, inda bincike ya danganta su da wani bawul da yakan maƙale ya tura allon akasin abin da matuƙi ya taka, aka kuma tilasta sauya tsarin a dukkan jiragen wannan samfuri.

Binciken kafin tashi a ƙaramin jirgi ba ya cin lokaci. Matuƙi ya zagaya wutsiya ya cire makarin da ake sa wa allon saboda iska idan jirgi yana ajiye, ya motsa allon a hankali da hannu idan samfurin ya yarda da haka, ya duba maratayansa da wayoyin da suka haɗa shi da feda, ya tabbatar babu tsagewa ko notin da ya kwance. Bayan ya shiga ya gyara kujerarsa ta yadda ƙafarsa za ta iya kai kowace feda ƙarshe ba tare da ya miƙe gwiwa gaba ɗaya ba, ya kuma duba ƙasan fedodin, domin gorar ruwa guda da ta gangara can ta isa ta hana feda sauka a lokacin da ake bukatarta.